Neman Kyanwar Baba a Kawar

Tun da na dawo daga Kawar, can yankin Bilma, ban kai ƙarshen ɗinkin riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo rumfata a Dagmanet, nan cikin Agadas, sai ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Sidi, wai da gaske ne? Ba mu labari." Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura wanda ya ji daga wurina kafin ya kai bakin kasuwa ya ƙara masa gishiri. Jiya wata ta kawo ɗinkin zane take tambayata ina na ajiye zakin da na kamo. Saboda haka ga labarin nan yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Mahaifina, Baba Ahmadu, da ƙuruciyarsa yana bin ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗaukar gishiri. A wata tafiya raƙuminsa ya ɓace da yamma, ya bi shi cikin rairayi, sai ya ga wata 'yar kyanwa, ko mussa kamar yadda muke cewa a nan. Ya ce launinta launin ƙasa ne, tana haushi kamar kare, in ta taka rairayi ba ta barin sawu, ba ta shan ruwa, kuma tana kashe kububuwa ta cinye. Ya dawo Agadas ya ba da labari, aka yi dariya. Ya sake bayarwa, aka sake yi. Tun kafin a haife ni 'yan fadar tsofaffin unguwarmu, wato majalisar hira da shayi, suka sa masa suna Mai Mussa, kuma yana amsawa, don mutum ne mai sanyin hali.

Da wasan ya tsaya a wasa da ban je ko'ina ba. Amma bana rikici ya tashi tsakanin maƙwabta biyu a kan iyakar katanga, mai unguwa ya aika a kira Baba, tunda a gabansa aka raba filin. Baba ya sa farar rigarsa, na riƙe masa hannu saboda idanunsa sun yi rauni, muka je. Ya buɗe baki ke nan Elhaji Mamman, wanda shi ne kan gaba wajen zolayarsa a fada, ya ce, "A nemo wani shaida. Wanda ya ga mussa tana haushi, ko katanga zai iya gani tana tahiya." Mutane suka fashe da dariya, mai unguwa ma ya ja rawani ya rufe bakinsa. Ba a karɓi shaidar Baba ba. Muka dawo gida, ya jingine sandarsa a bayan ƙofa. Daga ranar ya daina fita fada, tuwo sai loma biyu ya ture kwano. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Na je fadar na zazzaga musu abin da ke cikina. Elhaji Mamman ya bari na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yaro, gani ya kori ji. Tahi ka kawo muna ita. In ba ka iyawa, ko sawunta ka ɗauko a salula." Na rantse a gabansu zan kawo. Sai da na kai ƙofar gida na tuna cewa dabbar da na yi alkawarin kawo sawunta ba ta da sawu.

Shirin tafiya kowa ya sa hannu, kuma kowa da kyanwar gida ya auna. Inna ta ƙulle mini busasshen kifi fal buhu. Yayata ta ba ni kwanon sha da madarar gari. Maƙwabcinmu mai walda ya ƙera mini keji na ƙarfe wanda ko kura aka sa a ciki sai ta yi juyi. Baba yana kwance yana jin hidimar, abin da kawai ya ce shi ne, "Ba ta cin kihi. Ina ta ga kihi cikin hamadar Tenere?" Inna ta ce, "Malam, yi shiru. Ba a haihi mussar da ba ta cin kihi ba."

Motocin Dirku, garin da ke kan hanyar Bilma, tare suke tashi da rakiyar soji, kuma lokacin tsakiyar sanyi ne. Tamu ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, an loda kaya, aka loda mu a kan kayan. Kowa da sandar da aka kafa masa tsakanin ƙafafu, ya rungume ta kada ya faɗi, ga bidon ɗin ruwa, wato jarkoki, naɗe da buhu suna reto a gefe. Wanda ke jingine da ni wani dattijo ne ɗan Tawa, Malam Idi, zai je wurin masu haƙar zinariya ya kafa teburin shayi. Sauran kuwa wasu zinariya, wasu Libiya. Ni kaɗai ne mai keji.

A shingen fita gari jandarma ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba takardu. Da ya zo kaina ya ƙwanƙwasa kejin da yatsa.

"Wanga hwa? Mi za ka sa ciki?"

"Kyanwar daji, ranka ya daɗe. Za ni Bilma nemanta."

"Bilma. Don kyanwa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Bon. Sauko."

Na sauko. Ya kira abokan aikinsa, ya sa na maimaita daga farko, har da katangar. Ya ce tun da aka kawo shi shingen nan ya ji dalilin tafiya iri-iri, amma wannan babu mai hankalin da zai ƙirƙiro shi don ya ɓoye wani abu, saboda haka gaskiya nake faɗa. Ya miƙo mini takardata, ya rage murya ya ce in ta haihu in tuna da shi, ɓeraye sun addabi shinkafarsu.

Tenere ba ni da abin da zan ce muku a kanta, rairayi ne gaba da baya, sai sanyin da ke shiga har ɓargo. Abinci garin rogo da sardin, dabino, sai shayi in an tsaya. Shofer ɗinmu, wato direban, Buzu ne, ya kwaɓa fulawa ya binne cikin rairayi mai zafi a ƙarƙashin garwashi, ya tono, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura mana. Ni da Inna ke yi wa faɗa in na ci abin da ya faɗi ƙasa, ga ni ina cin abin da aka binne da gangan, kuma ina neman ƙari.

Fitinar daga kifin ta fito. Da rana ta buɗe, sai buhun Inna ya fara magana. Mutane suka naɗe hanci da rawani, wani ɗan Damagaram ya ce ya bi hanyar nan da gawar raƙumi a gefen mota bai ji irin wannan ba. A rijiyar da muka tsaya shan ruwa aka yi shawara ba tare da ni ba, aka yanke hukunci a ɗaure buhun a kan doguwar sanda can ƙarshen mota. Haka muka ratsa sauran hanyar da tutar kifi. Kejin kuwa ya yi amfanin da mai walda bai zata ba, don Malam Idi ya gano in ya lulluɓe shi da bargo ya cusa kansa da kafaɗunsa ciki iska ba ta samunsa. Duk motar da ta wuce mu sai ta rage gudu, a dubi dattijo cikin keji, a dube ni da nake riƙe da makulli.

A Dirku muka rabu da Malam Idi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ni zinariya nika bi, ban san ko in samu ba. Kai ubanka kaka bi. Allah shi ba ka sa'a." Maganar ta zauna mini, domin tun da muka taso shi ne mutum na farko da bai yi dariya ba.

A Bilma na sauka gidan Aba Kiyari, Babarbare mai ramin gishiri, wanda mahaifinsa ya kasance mai masaukin Baba a zamanin ayari. Tsofaffin ɗakunan garin da ƙasar gishiri aka gina su. Na ji ana faɗa ban yarda ba, sai da mai gida ya fita na lashi bangon ɗakina. Gishiri ne. Ina cikin lasa ta biyu na waiwaya na ga akuyarsa a bakin ƙofa tana jiran in ba ta wuri. Mu a Agadas in hadari ya haɗo murna muke yi, ko da muna tsoron katanga. Su kuwa in gajimare ya leƙo sai ka ga tsofaffi sun ɗaga kai suna addu'ar Allah ya kai shi gaba, kada gida ya narke a kan mai shi.

Da muka ci abinci na faɗa wa Aba Kiyari abin da ya kawo ni. Hausarsa ta ciniki ce, abin da ya kama shi ne: ɗan Ahmadu ya ratso Tenere yana son kyanwa. Mutanen Bilma kuwa ba su wasa da baƙo. Washegari da hantsi aka fara sallama. Wannan gida sun aiko da baƙa, wancan da mai dabbare-dabbare, wata tsohuwa ta kawo uwa da 'ya'yanta cikin kwando tana ba ni haƙuri wai ba su da yawa. Waɗanda ba a aiko ba buhun Inna ya gayyato su da kansa. Kafin azahar tsakar gidan ta cika, wasu a kan katanga, wasu cikin kejin sun yi ɗaki, ni ina tsakiya ina godiya, tunda ba a mayar da kyauta. Wani mafarauci ma ya kawo yanyawa, ya rantse tana haushi. Na ce na yarda, amma wannan 'yar uwar dila ce. Ya ce in na rufe kunnuwan babu mai ganewa.

Tsohuwar nan mai kwando ce ta fahimci zancen daga ƙarshe. Ta ce, "Au, ta rairayi kake nufi? Wannan ba ta shigowa gari. Tafi Sigidin, ka tambayi matan Tubawa masu yankan ciyawa." Na bar wa Aba Kiyari kyanwoyin amana, har yau ban san yadda ya ƙare da su ba, na sami motar dabino mai zuwa arewa.

A Sigidin na koyi cewa mu Hausawa da muke taƙama da doguwar gaisuwa yara ne. Batube in ya hango ka sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya tsuguna can nesa, ya fara jero gaisuwa, murya tana hawa tana sauka, kai ma kana tsugune kana amsawa. Ka ɗauka an gama ka yunƙura, a sake sabon lale. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemo ka liƙa, don haka na tsuguna har gwiwoyina suka sage, sai da aka kama ni na miƙe.

Aka haɗa ni da wata dattijuwa, Kaltuma, siririya, da wuƙa ɗaure a damtse. Ta dubi kejin, ta dubi kwanon sha, ta buɗe buhun ta shinshina.

"Wannan na wa?"

"Na kyanwar ne, Iya."

"Kifi." Ta ɗaure bakin buhun ta tura shi bayanta. "Kifi nawa ne. Ita ɓera take ci, da ƙadangare, da maciji. Kwano kuma?"

"Na ruwa."

Ta kira wata maƙwabciyarta ta faɗa mata da Tubanci, suka yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ce mini ruwan da ke jikin abin da ta kama ya ishe ta, tana iya shekara ba ta ga rijiya ba. Maganar Baba ce sak a bakin matar da ba ta taɓa ganinsa ba. Na tambaye ta ko mutane sun yarda da ita in ta faɗa. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko an yarda akuya na da ƙaho.

Keji ta ce in bar shi, ba a kama ta, kuma in an kai ta gari mutuwa take yi. Da la'asar sakaliya ta hau jakinta na bi ta a ƙasa, muka nausa inda take yankan ciyawa. A gindin wani tushen ciyawa ta tsaya, ta tona rairayi da ƙafa, sai ga rabin kububuwa mai ƙaho. Na yi tsalle baya har takalmina ya fita. Ta ce ajiyar kyanwar ce: mari take kai wa macijin a ka, ta sake kai masa, in ya jigata ta cije wuya, ta ci abin da za ta ci ta binne saura. Na duba kewaye ko zan ga sawu. Ga na ƙwaro, ga na ɓera, ga na jakin Kaltuma, nata babu, sai wani ɗan lotsawa da ba za ka rantse a kansa ba. Kaltuma ta buɗe tafin hannunta ta shafa, ta ce ƙasan ƙafarta gashi ne cunkus, shi ke hana zafin rairayi ƙona ta, shi ke shafe sawun. Na fito da salula na ɗauki hoton wurin duk da haka, tunda na yi rantsuwa.

Ta nuna mini wani rami can gaba, ta ce in kwanta rub da ciki in yi shiru. Na kwanta. Da na ga shiru ya yi yawa sai na fara kiranta yadda muke kiran ta gida, "mus, mus, mus." Kaltuma ta ɗora mini mariƙin wuƙarta a ƙeya, na daina.

Rana tana gab da faɗuwa ta fito. Ƙarama ce, ba ta kai kyanwar Inna ba. Kanta faffaɗa, kunnuwan manya sun kwanta gefe-gefe, ga baƙaƙen zane biyu a ƙafafun gaba kamar an sa mata awarwaro. Ta zauna a bakin ramin tana juya kai a hankali, Kaltuma ta raɗa mini cewa motsin ɓera take saurare a ƙarƙashin ƙasa. Ni dai hawaye ne suka cika mini ido, ban san lokacin da suka zo ba. Na ciro salula hannuna yana rawa, na danna ɗaukar bidiyo, na miƙa ta gaba ba tare da na ɗauke idona daga kan dabbar ba. Sai ta ɗaga kai ta yi haushi. Siririn haushi ne mai kaifi, irin na ɗan kwikwiyo, ta jero shi, ta huta, ta sake. Kaltuma ta ce lokacin sanyi ne, aure ake nema, kuma a ƙasar da maƙwabcinka ke bayan duniya dole ka ɗaga murya.

Duhu ya fara shiga, na ce bari in kunna fitilar salula in gan ta sosai. Haske yana sauka kanta ta lafe a ƙasa ta rufe ido, shi ke nan na neme ta na rasa, alhali ina kallon wurin. Da na matsa babu kowa. Kaltuma ta ce haka take yi, kuma in na gama ɓarnar mu tafi, miyarta na jira.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman shinge ya tambayi tasa kyanwar, na ce ba ta haihu ba tukuna. Ban duba bidiyon a hanya ba, batir ya mutu tun a Sigidin, kuma ina ganin abin da idona ya gani ai salula ma ta gani. Ina isa Agadas na sa ta caji a rumfata, ko gida ban shiga ba na wuce fada da ƙurar tafiya a jikina.

Tsofaffi suka kewaye ni. Na fara da hoton sawu. Elhaji Mamman ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya ce, "Wanga ai rairayi na." Na ce to ai shi ne shaidar, ba ta barin sawu. Ya ce in haka ne shi ma yana da hoton aljani a gida. Na ce a jira, na danna bidiyon, na miƙa masa ina hura hanci.

Ashe cikin rawar hannu na juya kyamarar ta dubo ni. Daga farko har ƙarshe babu komai sai fuskata, rawani a karkace, ido jawur, baki buɗe, ga haushi yana tashi. Elhaji Mamman ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce a natse, "Allah shi yi ma albarka, Sidi. Ɗa na ƙwarai ke nan. Ya tahi har Kawar ya yi haushi don ya wanke ubanshi." Dariyar da aka yi har masu wucewa a babur sai da suka tsaya. Na karɓi salulata na tafi, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na tarar da Baba a kwance inda na bar shi, ya ƙara ramewa. Na gaishe shi, na zauna a bakin tabarma, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Baba, na gan ta. Amma na ɓata aikin. Babu hotonta, sai murya, kuma 'yan fada sun ce ni ne."

Ya ce, "Ni da ba ni gani, mi zan yi da hoto? Sa in ji."

Na danna, na kai masa kusa da kunne. Da haushin farko ya tashi sai ya dafa ƙasa ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Da ta yi shiru na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini wuyan hannu ya ɗaga yatsa, ya ce, "Jira, hutawa takai. Yanzu za ta sake." Bai rufe baki ba ta sake.

Ya sa na maimaita masa har batir ya yi ja. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. Na ce gobe zan koma fada in yi musu bayani da kyau, in ya kama in koma Sigidin in ɗauko Kaltuma a mota. Ya girgiza kai.

"Bar su, Sidi. Ba don su nika kwance ba." Sannan ya ce, "Tun ranar katangar nan nika tambayar kaina. Na ce mutane duka ba su taruwa kan ƙarya, wataƙila mahwalki na yi ina yaro, na riƙe shi har na tsuhwa. In wannan ban gani ba, to mi na gani a rayuwata? Har iyakar hilin na hwara shakka."

Na matsa kusa da shi. Ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Kai ka gan ta da idonka?"

"Na gan ta, Baba."

"To mun zama biyu," in ji shi. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya yana kiran Inna. "Ke Hadiza, akwai sauran tuwo?"